Rigar Lamba Uku

Haladu Hita muke ce masa a Gummi, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Shagon ɗinkina yana manne da kafen intanet ɗin da yake kula da shi, bango ɗaya ya raba mu, don haka sau ɗari a rana nake jin muryarsa: "Ka hita tukuna! Kak ka tashi ba ka hita ba." Nufinsa, duk wanda ya gama duba imel ɗinsa ya danna wurin fita, ya rufe akwatinsa kafin ya bar kujera. In mutum ya manta, Haladu na wucewa zai miƙa hannu ya danna masa, ko kallon allon ba ya yi.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum. Ya fara da buga tafireta a wani ofis a Anka, inda takardun mutane ke bi ta hannunsa, na kora da na ƙarin girma, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinsa ba. Da kwamfuta ta ture tafireta, wasu abokan aikinsa suka koma gona, shi ya tafi Gusau ya zauna aji ɗaya da yaran da ya kusa haifa, ya koyo ta. Alhajin da ya kafa kafe a Gummi, da ƙaton farantin kama intanet a kan rufi da janareta mai tari kamar tsohon jaki, ya ɗauko shi ya danƙa masa kwamfuta shida. Ni dai na sha gaya masa riƙon amanarsa ya yi yawa, har gishiri ya fi miya.

Wata rana na tambaye shi abin da ya sa ya takura wa mutane da wannan fita. Ya dube ni ya ce, "Bature, in mutum ya kawo maka ɗunki, mi kaka ba shi?"

Na ce ƙyalle nake yanko masa daga yadin, ranar karɓa ya zo da shi.

Ya ce to haka abin yake. Babbar na'urar da ke riƙe da wasiƙun tana can wata ƙasa, ba ta san fuskar kowa ba, kuma mantuwa gare ta, kana juya baya ta manta ka. Shi ya sa in ka buga kalmar sirrinka ta yarda kai ne, sai ta ajiye wata 'yar shaida a cikin kwamfutar da kake kai, ana ce mata kuki. Muddin shaidar na nan, duk wanda ya zauna a kujerar, kai ne a wurinta. In ka danna fita, an yaga ƙyallen ke nan. In kuma an yi mako biyu ba a leƙa ba, ita da kanta take jefar da shi.

A daminar 2008 Malam Kamaluddeen, malamin firamare, ya riƙa zuwa kullum bayan la'asar yana zama a kwamfuta lamba uku. Garin duk an san matarsa Luba ta yi yaji tana gidan iyayenta a Bukkuyum, wata guda ke nan. Mutum ne mai nauyin baki, abin da zai faɗa cikin minti ɗaya sai ya kwana uku yana taunawa. Abin da ya gaya wa Haladu kawai shi ne wasiƙa yake rubuta wa Luba, kaɗan-kaɗan, yana ajiye ta cikin akwatin imel ɗinsa, in ya gama a buga masa a takarda.

Ranar wata Laraba wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, janareta ya ƙi tashi, ya tafi gida yana cewa kansa na sara. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa. Zazzaɓi ne na kwana uku.

Da aka gyara janareta Haladu ya kunna lamba uku, sai ga akwatin mamacin a buɗe. A duk zuwansa kafen, rannan ce kaɗai bai fita ba, don wutar ba ta ba shi dama ba. Kalmar sirrin kuwa ta bi shi kabari.

Luba ta dawo gidan mijin ta shiga takaba, bakin mutane kuma ya shiga aiki. Wasu suka ce biko yake rubutawa, wasu suka rantse saki ne, wai me zai kai mutum gaban kwamfuta in ba yana so takardar ta fito tsaf ba. Na ji wannan da kunnena a bakin mutanen da ko gaisawa ba sa yi da marigayin, raina ya ɓaci har na lalata wuyan wata riga. Haladu ya aika wa Luba ta hannun yayanta Hudu cewa wasiƙar na nan, in ta yarda a buga a kai mata.

Hudu ya dawo da amsa: "Ta ce kak a buɗe, kak a buga. In saki na, ba ta so wani ido shi riga nata. In ta hita takaba za ta zo da ƙahwarta."

Wata huɗu da kwana goma. Shaida kuma mako biyu take yi.

Nan Haladu ya kawo mini awon kwamfutar, na ɗinka mata riga da ragowar wani koren yadi, ta rufe allon da linzamin duka. Ya ce don kada wani ya zauna, amma daga baya ya gaya mini gaskiya: hannunsa yake tsoro, kada ya danna fita bisa sabo. Kowace Litinin da Alhamis zai ɗage rigar, ya kunna, ya bari shafin farko ya buɗe don na'urar can ta ga shaidarta ta sabunta kwanakin, idonsa na kan bango, sannan ya kashe ya mayar da riga.

Ya sha wahala a kan lamba ukun nan. Lokacin rajistar jarrabawa ɗalibai suka yi layi har bakin shagona, Alhaji ya zo yana faɗa a buɗe ta, Haladu ya ce sai dai a sallame shi. Mai gyara ya zo daga Gusau zai wanke kwamfutocin duka, ya goge komai na cikinsu, saboda cuta ta shige su, Haladu ya ɗauki lamba uku ya kawo ta ƙarƙashin teburina, ya ce ta tafi asibiti. Iska ta karkatar da farantin rufi, intanet ya ɗauke kwana tara, ya rame kamar mai jinya. Rana ta goma ya ɗaure kwamfutar a bayan kabu-kabu, ya rungume ta har Anka, inda wani kafe ya bar shi ya jona ta minti biyar. Na yi masa dariya rannan, na ce ko amarya ba a yi wa wannan gata.

Luba ta fita takaba, bayan kwana biyu ta zo da hantsi, Hudu na gaba tana biye. Haladu ya cire rigar ya ninke, ya miƙo mini ina tsaye a bakin ƙofa. Ya kunna, ya nuna mata da baki inda za ta danna, sannan ya zaga baya wurin janareta don kada ma a ce ya gani.

Ta zauna. A saman allon akwai gaisuwar da na'ura ke yi wa mai akwati, da sunansa a rubuce, Kamaluddeen, kamar yanzu ya shigo ya ja kujera. Ta kalli sunan, ta kalla, sai ta toshe baki da hijabi ta tashi ta fita, Hudu ya bi ta ƙarƙashin darbejiya yana ba ta baki. Ba ta taɓa komai ba.

Haladu bai ga fitarta ba. Ya shigo ta ƙofar baya yana goge hannu, yana gaya mini man da aka sayar masa gauraye ne. Ya bi layin kwamfutocin yadda ya saba shekara da shekaru. Kujera babu kowa, akwati a buɗe, babu koren yadi. Idonsa na kaina, bakinsa na kan zancen mai, hannunsa ya miƙa.

Na ce, "Haladu!"

Ya riga ya danna.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya danna komawa baya, shafin ya nemi kalmar sirri. Ya sake, ya sake. Ya zauna a ƙasa yana salati, ni kuma ina tsaye riƙe da rigar da na ɗinka don hana wannan, ina jin kamar in yaga ta.

Da Luba ta dawo, shi da kansa ya gaya mata, bai ɗora wa wuta ko janareta ba. Ta ce, "Gwada sunana."

Ya buga Luba, bai buɗe ba. Ya buga Lubabatu, bai buɗe ba. Ya ce mata wannan ba ya nuna komai, mutane har lambar babur suke sawa. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda.

"To kai da kaka ganin shi kullum," in ji ta, "in shina rubutun, yaya huskatai take? Shina murmushi, ko shina ɗaure da huska?"

Na zuba masa ido, ina roƙonsa a zuciyata. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai taɓa ƙaryata shi. Haladu ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ban sani ba. In mutum na rubutu, baya nika ba shi."

Ta yi masa godiyar wahalar da ya sha, ta ja hijabinta, suka tafi tasha.

Bai kai ƙarshen shekarar a kafen ba, ya koma ƙauyensu yana noman gero da wake. Nakan gan shi ranar kasuwar Bukkuyum mu gaisa, ba ma tayar da zancen. Har yau ina jin haushinsa, kuma har yau ban san mutumin da na fi yarda da shi ba. Amma Allah ya gani, da ni ta tambaya, da na ce mata murmushi yake yi.