Kaskon Inna ya koma na kaji

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tambayar humra da turaren wuta, na ga saƙonninku, ƙarfin amsawa ne ba ni da shi. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Na daina turare. Na kuma bar Libreville.

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakina a unguwar London ta Libreville ta san shi. Ciki da falo, taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Ruwan saman garin kuwa ba ya gajiya. Bango ya yi baƙi, bayan katifa ya yi fumfuna, kaya a akwati sai warin danshi.

Ni kuma 'yar Inna ce. Mahaifiyarmu ta rene mu a kan cewa ɗakin mace ba ya wari, ko da ba a ɗora tukunya a gidan ba. Da zan taho Gabon, kaskonta na turare ta naɗe mini a zane.

Saboda haka da na ji warin, sai in zuba garwashi, in rufe ƙofa da taga don ƙamshi ya kama labule. Safe da yamma, shekara goma sha ɗaya. Na sayarwa ma a ɗakin nake haɗa shi, don ruwa ba ya bari a yi a waje.

Da tari ya fara, na ce warin bangon ne, na ƙara turare. Ku ji wayo.

Na sha zuma da citta, na sha na farmasi. Ƙirjina ya koma yin fito. Tun ina salla a tsaye har na koma yi a zaune.

Wata Talata na kai wa wata mata kaya a kasuwar Nzeng-Ayong, numfashi ya ƙi shiga. Ina buɗe baki, babu iska. Mata suka sa ni a taksi, aka kira maigidana, Baban Hafsa.

Asibiti kuwa, Allah ya raba ku da shi. Abin iska a fuska, allura a hannu, hoton ƙirji, gwajin kaki. Kwana uku muna jiran a ce tarin fuka ne ko ba shi ba. Na ji tsoro ƙwarai, ba don kaina kaɗai ba, don yaran da muke kwana ɗaki ɗaya. Kuɗin da aka tara na gyaran taksin Baban Hafsa, a takardun magani suka ƙare.

Ba tarin fuka ba ne. Likitar, wata 'yar Gabon mai gilashi, ta sa na yi ta busa cikin wani bututu har jiri ya ɗebe ni. Sai ta ce, "Madam, taba nawa kike sha a rana?"

Na ji kamar ta mare ni. Na ce ni matar aure ce, uwar 'ya'ya uku.

Ba ta yi gardama ba. Ta kama gefen hijabina ta sansana, ta tambaye ni yadda nake yi. Da na gama bayani ta ce, "Huhunki bai san bambancin hayaƙi mai ƙamshi da marar ƙamshi ba. Ki bar ɗakin, ki bar hayaƙin."

Na ce to.

Ga inda nake jin kunya. Kwana biyu da sallamata, matan unguwa suka aiko za su zo dubiya. Na shaƙi ɗakin, na ji warin kwana goma ba turare. Na ce ɗan kaɗan dai, don fita kunya. Na kunna kaskon.

A gadon asibiti suka yi mini dubiyar.

Baban Hafsa ba mai faɗa ba ne. Ya zauna, ya ce, "Maman Hafsa, ashe kin fi tsoron a ce ɗakinki yana wari a kan mu binne ki a ƙasar mutane?"

Kuka kawai na yi.

Yayansa, Yaya Sule, yana kiwon shanu a kudu, wani ƙauye wajen Tchibanga. Shi ya ce a kawo ni. Fili ne da ciyawa har iya ganinka, kamar an yanko gida an ajiye a nan.

Ba zan yi muku ƙarya in ce aljanna na shigo ba. Ruwa sai an ɗebo. Ƙudan shanu ba su da kunya. Waya sai na hau tudu take kamawa. Yara suna can wajen babansu saboda makaranta, sau ɗaya a wata nake ganinsu, kuma wannan ya fi ciwon cin raina. Har yanzu na gaji, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta.

Amma a waje nake wuni. Na shuka kuɓewa da yakuwa, matar Yaya Sule ta koya mini tatsar nono ina kuskurewa tana dariya. Ranar farko sau huɗu na tsaya kafin in kai rafi. Jiya na je na dawo da bokiti, ban tsaya ba. Abin shaƙar da likita ta ba ni don numfashi yana ɗaure a bakin zane, na yi sati uku ban kwance shi ba. Maganin safe da yamma dai ba na fashi.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da ta sansana hijabina, da matan kasuwar da ban ma san sunayensu ba, da Baban Hafsa da Yaya Sule da iyalinsa.

'Yan'uwana mata da ke ɗakunan haya irin nawa, idan bango ya yi baƙi a wanke shi, a fitar da katifa ta sha iska, kada a rufe warin da turare. In za ku kunna, ku buɗe ƙofa da taga. Tarin da ya wuce sati biyu a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita har abin da kike ganin ba komai ba ne.

Kaskon Inna na taho da shi, na kasa bari. Yana gindin mangwaro, ruwa nake zuba wa 'yan tsaki a ciki. Ɗakina yanzu warin nono yake da ciyawa. Duk mai zuwa ta zo, haka za ta same shi, kuma a tsaye zan tarbe ta.