Ranar Da Muka Zama Buhunan Gero

Maigidana yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya da yake ɗauko hatsi da ita daga Lajawa zuwa kasuwar Wudil. Da ya ga bayanta na dakan ƙasa in an yi lodi, sai ya sa aka ƙara mata sifirin, ƙarafan da ke tallafe bayan mota, ta ɗaga gindi sai ka ce zakara zai yi cara. Tun daga nan ta fara cin tayoyin baya ta ciki. Ni da ba na zuwa ko'ina, daga tsakar gida nake jin wani sabon kuka da take yi in ta shawo kwanar layinmu.

Ranar wata Juma'a taya ta fashe masa dab da gadar Wudil. Allah ya tsare, amma da labari ya iso wa surukata, Inna, sai ta ce ta yafe tuƙin nan, ya ajiye makulli ya koma gona. Maigida bai taɓa ƙetare maganarta ba. Ya ajiye, ya zauna a zaure yana kallon mota, tuwo ma sai ya taɓa ya ture.

Ni na lallaɓa Inna, da fura da hira, har ta yarda a kai wa bakanike ya duba, amma da sharaɗin idonta ya gani. Ta ce in yafa mayafi in raka ta.

Bakaniken ya zagaya motar, ya shafa cikin taya, ya tambayi yadda aka daidaita ƙafafun bayan ƙarin sifirin. Maigida ya ce a wofi aka yi, ba kaya. To ashe nan gizo ke saƙa: a wofi tayoyin tsaye suke cak, da an ɗora buhuna sai su yi gwame, sama ya shige, ƙasa ya buɗe. Bakaniken ya ce sai an sa mata nauyin da ta saba ɗauka kafin ya taɓa ta.

Ba ranar kasuwa ba ce, ba buhu ko ɗaya. Aka kira masu zaman inuwa da mai rake suka shiga, ni ma na shiga ina ɓoye fuska don kunya. Bakaniken ya ja zaren awo daga tayar gaba zuwa ta baya, ya ce da sauran nauyi, ya dubi Inna.

"Hajiya, ki taimaka mana, ke kaɗai kin yi buhu biyu."

"Ka ci gidanku, ɗan nema," in ji Inna. Amma ta tattare zani ta hau.

Muna zaune muna gumi, shi yana ƙasa da sufana yana kwancewa yana ɗaurewa. Ina jin kowane ƙulli a ƙashin bayana. Can ya ce Inna ta leƙa ta taga. Ta leƙa ta daɗe, tayar ta miƙe daidai da zaren.

A hanyar komawa Inna ta kasa kunne, ni ma haka. Mun shawo kwanar layi, babu kukan motar. A ƙofar gida maigida ya zare makulli ya miƙa mata da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

"Ka ga yawanmu ɗazu? Kada ka ƙara ɗora mata abin da ya fi mu. Allah ya tsare hanya."

Ya durƙusa ya ce amin.