Agwagwa a Ajin Ƙanana

Shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Kebbi na samu aikina na farko, a wata ƙaramar makarantar nazare da ke Yelwa. Ba ta da nisa da bakin ruwa, in iska ta juyo har cikin aji muke jin ƙamshin bandar kifi. Mai makarantar tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ita ta ba ni ajin ƙanana, 'yan shekara biyu zuwa uku, ta haɗa mini da tabarma biyu, kabad ɗaya, da kwandon gwangwanayen madara na wasa.

Mama tana da wani kati da ta sayo a Kaduna, an buga shi da Turanci. A ciki an jera abubuwan da ya kamata yaro ya iya, malama ta duba ta sa alama. Ba ta yarda a tsallake layi ko ɗaya. Akwai layin da ya ce yaro yana hawa matakalar bene yana sauka, alhali duk unguwarmu babu bene. Sai Mama ta sa aka jera bulo hawa uku a tsakar makaranta, muka riƙa kai yara ɗaya bayan ɗaya.

A wurin bulon nan na fara lura da yarinyar. Shekararta biyu da rabi, 'yar siririya, idanunta manya. Uwarta ungozoma ce a asibiti, ubanta kuwa gyaran injin jirgin ruwa yake yi. Ta hau bulon ba tare da an riƙe ta ba, ta zauna a can sama ta harɗe ƙafa, ta ƙi saukowa har aka tashi tara. Na tambayi Mama me zan rubuta. Ta yi nazari sosai, sannan ta ce in rubuta tana hawa, sauka kuwa sai zango mai zuwa.

Sauran layukan duk ta cinye su. Tana jera gwangwani har ya fi ta tsawo, tana cin abinci da kanta, tana gane takalminta da na kowa. Magana ce kawai babu. Zango guda cur ban ji ko "Anti" daga bakinta ba. In na yi waƙa ta kalle ni, in na yi faɗa ta kalle ni, irin kallon da mai sayen akuya yake yi kafin ya taya. Da lokacin cika kati ya yi, na rubuta cewa ba ta magana.

Ranar da aka dawo hutu, kakarta ta wajen uba ta zo da katin a ƙulle a bakin zane. Bagunga ce, daga ƙauyukan da aka tayar lokacin da ruwan dam ya ci tsibiransu, kifi take sayarwa a kasuwa. Ta zauna a kan tabarmar yara ba tare da an ce ta zauna ba.

"Malama, an karanta mini. Mi kinka rubuta nan?"

"Inna, abin da na gani na rubuta. Ba ta taɓa yi mini magana ba."

"To ni ma ba ta taɓa yi mini ba. Uwarta ma haka. Amma ba bebiya ba ta. Tana magana tun azahar har la'asar."

"Da wa, Inna?"

"Da agwagwa."

Ta ce suna da wata farar agwagwa a gida. Kullum yarinyar ta dawo daga makaranta sai ta kora ta bayan rumbu, ta tsare ta da surutu. In mutum ya leƙo sai ta yi tsit.

Mama ta fito daga ofis ta saurari zancen. Na ɗauka za ta yi dariya, sai na ga ta sa tabarau ta karɓi katin. Ta karanta layin sau biyu, ta ce katin bai faɗi wanda za a yi wa maganar ba, cewa kawai ya yi yaro yana haɗa kalma biyu. Amma ita ba ta sa hannu a kan jita-jita. A kawo agwagwar.

Washegari kakar ta zo da ita a kwando, a bisa kai, yarinyar tana biye. Muka kai sauran yaran ajin maƙwabciyata. Aka bar yarinya da agwagwa su kaɗai a ɗaki, ni da Mama muka matse a bayan kabad. Ina riƙe da littafi da biro, domin Mama ta ce kowace kalma a rubuta.

Can sai muka ji an buga gwangwani a ƙasa sau uku, daidai yadda nake yi in zan fara darasi.

"Sidon. Kif kwayat."

Turancin da nake cewa yara su zauna su yi shiru ke nan. Muryar ƙarama ce amma tawa ce, har da ɗan tarin da nake yi kafin in fara waƙa. Ta yi wa agwagwar waƙar ƙirga, ta yi mata ta gaisuwar safe. Ta juya Gunganci ta yi wani dogon faɗa da ban fahimta ba. Mama ta taɓa ni da gwiwar hannu tana murmushi, ni kuma ina ta rubutu, raina fes.

Daga nan sai yarinyar ta ja dogon numfashi, ta ce da Hausa tsantsa, "Wayyo ƙafafuna. Ko kujera babu a ajin nan. Ita tsohuwa tana ofis tana barci, ta ce tunani take yi."

Biro ya tsaya a hannuna. Maganata ce, wadda nake yi ƙasa-ƙasa in na gaji, ina ganin 'yan shekara biyu ne kawai ke ji na. Bayan kabad ɗin ba shi da faɗin da mutum zai juya, kafaɗata tana jikin ta Mama.

"Rubuta," in ji Mama a hankali.

Na rubuta. Yarinyar ta ƙara da cewa turaren tsohuwa yana sa ta ciwon kai. Shi ma na rubuta.

Da muka fito, Mama ta karɓi littafin ta ƙirga kalmomin jimla mafi tsawo da yatsa. Ta ce a sa alama, yarinya tana magana, har ta wuce shekarunta. Ta sa hannu ta koma ofis. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na tsara yadda zan gaya wa Innata an kore ni, na tsara yadda zan durƙusa in ba da haƙuri. Mama ba ta kira ni ba. Bayan kwana biyu na tarar da kujera a ajina, ta katako mai hannu, irin ta ofishinta. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, turaren ma ba ta canza ba.

Sai dai agwagwar ba ta koma gida ba. Mama ta ce tunda da ita ake samun ci gaba, ta riƙa zuwa kullum. Haka aka yi kusan wata biyu. Kakar ta ajiye su da safe ta wuce kasuwa. Agwagwar ta saba da aji fiye da rabin yaran. Ba ta kuka in an tafi an bar ta, ba ta cizon kowa sai wanda ya ja mata wutsiya, in na buga gwangwani ita ce ta farko da ke kwanciya. Matsalarta kashi kawai, wannan kuwa ba ita kaɗai ba ce a ajin. Iyayen yara suka fara tambaya, Mama ta ce musu kayan koyarwa ce. Kakar ta taɓa tsare ni ta ce tunda agwagwar ma tana zuwa kullum, ina nata katin. Na ce sai na tambayi Mama. Ban tambaya ba, don na san za ta iya cewa a cika.

Yarinyar ta ci gaba da darasinta a kusurwa. Ta daina yin shiru in mun matso, amma har lokacin ko kallonmu ba ta yi in tana magana. Ni kuma na koyi riƙe bakina.

Wata safiya kakar ta zo babu kwando. Ta ce agwagwa ta hau ƙwai, ko an ɗaga ta sai ta koma, sai bayan wata guda da 'yan kwanaki. Ta tura yarinyar cikin aji ta tafi.

Yarinyar ta tsaya a kusurwarta tana duban wurin da aka saba ajiye kwandon. Ba ta yi kuka ba. Ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya, da alama babu wanda ya yi mata. Sannan ta tako har gaban kujerata, ta kama bakin zanena ta ja.

"Sidon," ta ce, tana nuna tabarma.

Na sauka na zauna. Ta buga gwangwani sau uku, ta yi mini waƙar ƙirga daga farko har ƙarshe, idonta cikin nawa. Hawaye suka cika mini ido, na ƙi yarda su zubo don kada in ɓata mata darasi. Da ta gama sai ta je bayan ƙofa ta ɗebo dusar da ake jiƙa wa agwagwar, ta zuba a gwangwani ta ajiye a gabana.

Na kai hannu baki na yi kamar ina tauna. Ta matso, ta sa yatsa ta buɗe mini baki ta leƙa.

"Anti, ƙarya kike. Ba ki ci ba."

Sauran yaran duk sun bar wasa sun kewaye mu. Na ɗebi kaɗan na ci. Dusar gero ce, da ɗan tsakuwa a ciki. Ta jira har na haɗiye, sannan ta shafa mini kai ta ce gobe in zo da wuri.