Littattafan da Na Goge da Hannuna

Shekarar da na gama kwalejin aikin gona, ba ni da komai sai takardar shaida da littattafai tara a cikin kwali. Aiki kuwa na nema har takalmina ya gaji. Sai wani dattijo da ke da filin noman rani a wajen Bakura ya ce zai ba ni haya, amma in kai masa kuɗin kafin a saki ruwa, mako biyu ke nan. Idan ban kai ba, akwai masu jira a bayana. Na duba ɗakina sama da ƙasa, babu abin sayarwa sai kwalin nan.

Littattafan suna da tsada, ko sababbinsu ba a samu sai an aika birni. Amma akwai wani aibi a jikinsu, kuma ni na sa musu shi. Tun ina ƙarami mahaifina ya zaunar da ni karatun zaure, inda malam ke karanta Larabci yana fassarawa, kai kuma kana rubuta ma'anar da ajami a ƙarƙashin kalma. Da na je kwaleji Turancin ya tsaya mini a wuya, sai na yi masa abin da na saba. Kowane shafi na bi shi da fensir, tsakanin layuka da gefe da gefe, ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa.

Na ce a raina ba mai sayen littafi mai datti da daraja. Na sayo kilina guda uku na zauna a gindin darbejiyar gidanmu ina goga. Kwana uku na yi, na gama da huɗu. Innata tana tsintar wake a gefe, tana kallona ta wutsiyar ido. Ta ce shekara biyu tana hana yara hayaniya saboda ina rubutun nan, yanzu kuma ga ni ina kankare shi kamar ƙanzon tukunya. Na ce mata ba ta san kasuwar boko ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da wakenta.

Ranar Talata na ɗauki huɗun da na goge na shiga kasuwar Mafara, wajen mai sayar da tsofaffin littattafai. Ya ɗaga ɗaya ya auna a tafin hannunsa, ko buɗewa bai yi ba. Ya ce ɗaliban yanzu a waya suke karatu, ya taya abin da ko mai ƙosai zai ji kunyar faɗa. Na ce albarka. Ya ƙara kaɗan, yana kallon wani wuri. Raina ya ɓaci sosai, na kwashe kayana, na rantse a zuciyata ko zan yi tallarsu gida gida ba zan ba shi ba.

Washegari na hau mashin da kwalin gaba ɗaya zuwa Bakura, inda kwalejinmu take. Lokacin rajistar sababbin ɗalibai ne. Na shimfiɗa tabarma daura da ƙofar kwaleji, na jera masu tsabtar a sama, masu rubutun na bar su a cikin kwali don kada su ɓata mini kasuwa. Kwana biyu ina nan rana na dukana. Yara su zo su ɗaga, su yaba, wani ma ya ɗauki hoton shafin da yake so da wayarsa, ya yi mini godiya ya tafi. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo.

A rana ta uku wani mutum mai furfura a gemu ya yi sallama ya tsuguna. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Ya ce malamin gona ne daga Maradun, an turo shi ƙaro karatu bayan ya yi shekaru rabonsa da aji, kuma 'ya'yan cikinsa ne sa'o'in 'yan ajinsu. Ya buɗe masu tsabtar ɗaya bayan ɗaya, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Na ga ƙarfinsa na raguwa. Ya ajiye, ya tambaya ko akwai wasu, kafin in amsa ya riga ya sa hannu a kwali.

Ya buɗe na ƙwarin amfanin gona. Can sai ya fara karantawa a fili. Kusa da wani dogon sunan Turanci na rubuta, tsutsar da ta cinye dawar Kawu. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Wa yar rubuta wanga?"

"Ni ne, Baba. Ai shi ya sa na ɓoye su."

"Ɓoyo? Ɗana, wanga shi nika biɗa tun da niz zo garin ga."

Na faɗi kuɗin da nake so, na ɗora har da na ragi. Ya rage abu kaɗan don kada a ce bai yi ciniki ba, na sallama masa biyar ɗin. Sannan ya koma kan huɗun, ya ɗaga shafi ɗaya saitin rana. Sawun fensirin na nan, ya lotsa a takardar. Ya dube ni ya ce, "Kai kag goge?" Na ce ni ne. Ya ce in na maida rubutun yadda yake, in same shi a Maradun ranar kasuwa, zai saya a kan farashin 'yan uwansu.

Kuɗin biyar ba su kai hayar filin ba, sai da taran. Saura kwana shida a saki ruwa.

Na koma gindin darbejiyar nan da fensir. Innata ta leƙo ta gani, ta kawo mini fura ta kori yara waje. Inda sawun ya fito na bi shi. Inda na goge da ƙarfi, don ni in na sa kaina abu ba na yi da wasa, dole na sake karatun daga farko. A babin ban ruwa na gano cewa can da ma ban fahimta ba, haddacewa kawai na yi na ci jarrabawa. Yini guda na yi a kan shafi uku, har na je wajen wani manomin shinkafa a Morai ya nuna mini a ƙasa da sanda, na dawo na rubuta yadda ya faɗa.

Na isa Maradun ranar kasuwa ana kiran azahar. Malamin ya duba babin ban ruwan, ya ce wannan ya fi sauran, ya biya ni kuɗin huɗun. Daga nan ban tsaya ko cin abinci ba sai ƙofar gidan mai fili, na same shi da wani mutum a zaure suna maganar filin. Na gaishe su na ajiye kuɗin a gabansa.

Ranar da aka saki ruwa ina tsaye a bakin kunyar farko ta filina da fartanya, gefen hannuna har lokacin baƙi ƙirin da fensir. Babu littafi ko ɗaya da ya rage mini. Na sare bakin kunyar daidai inda na rubuta wa malamin Maradun a sare, ruwan ya shiga.