Mutumin da Na Ƙona wa Littafi

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mutumin da muke kira Kyaftin, mai sayar da tsofaffin littattafai a layin bayan kasuwa, bayan jinyar kwana shida ta ciwon ƙirji. Ni ban ji ba sai ranar Alhamis. Na je shagonsa da la'asar kamar yadda na saba, na tarar da kwaɗo a ƙofa, na zauna a bencin waje ina jira. Sai da na yi kusan awa guda sannan maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya ɗago kai ya ce, "Baba, ba a gaya maka ba? Ai tun shekaranjiya aka binne shi." Ba laifin kowa ba ne. A cikin iyalinsa babu wanda ya san da ni.

Kyaftin, bari in yi magana da kai, tunda ban samu yi maka sallama ba.

A gidan yari na fara saninka, shekara ashirin da biyu ke nan. Ni gandiroba ne, kai kuma an kawo ka ɗaurin shekara uku saboda kwafar littattafan waje kana sayarwa ba da izinin masu su ba. Littattafan wani wasa ne da ban taɓa jin labarinsa ba. Mutane huɗu ko biyar sukan zauna, ɗaya ya riƙe littafi yana ba da labarin jirgin da ke yawo tsakanin taurari, sauran kuma kowa ya zama mutum guda a cikin jirgin: wannan matuƙi, wancan likita, wani makanike. Kowa sai ya faɗi abin da zai yi, in abin da haɗari sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Hukumar gidan ta ce duk abin da ake jefa ɗan ludo a cikinsa caca ne, ta hana.

Hanin bai hana ka komai ba. Da yake ɗinkin littafi ne sana'arka ta asali, aka ba ka gyaran littattafan ɗakin karatu, kai kuma ta cikin bangonsu ka riƙa shigo da naka, shafi-shafi. Kafin shekara kasuwa ta buɗe a ɓoye: shafi biyu a bakin sabulu guda, babi sukutum a bakin sukarin mako. Da sabulun kake sassaƙa 'yan ludo, ka ɗiga musu tawada da tsinke. Abin da na lura da shi, amma ban fahimta ba a lokacin, shi ne ɗaki na bakwai, inda kake, ya daina faɗa. Mutum talatin a wurin da aka gina don goma sha biyu, amma in na leƙa da yamma sai in ga sun yi tsit, muryarka kaɗai ke tashi ƙasa-ƙasa. Akwai wani dattijo mai ɗaurin rai-da-rai da ya shekara bai yi wa kowa magana ba. Ka naɗa shi likitan jirgi, dole ya buɗe baki, don in bai yi magana ba matuƙi zai mutu.

Ni ne na ɗaga katifarka ranar bincike. Na samu takardu sun fi ɗari, da wani zane mai lunguna da ƙofofi da alamar inda masu gadi ke tsayawa. Ka ce mini, "Yallaɓai, taswirar jirgi ce." Na ɗauka raini ne. Na rubuta a rahotona cewa shirin gudu ne, na sa hannu, har ina jin na yi abin kirki. Aka kai ka ɗakin horo kwana arba'in kai kaɗai, aka soke sassaucin wata bakwai da ka samu. A cikin watannin nan bakwai matarka ta rasu. Ina bakin ƙofa ranar da aka kira ka ofis aka gaya maka. Ka fito ka wuce ni ba ka dube ni ba.

Takardun kuwa ni aka sa na ƙona, a cikin rabin duro bayan kicin. Ina zuba su iska ta ɗauke guda ta manna mini a ƙafa, na ɗauka na karanta. Bayani ne kan yadda za a raba iskar shaƙa idan ta kusa ƙarewa a jirgi. Nan na gane abin da na yi. Na jefa ta cikin wuta, ban gaya wa kowa ba, ban kuma koma na gyara rahoton ba. Tsoro na ji kada a ce ban san aikina ba.

Bayan shekara goma sha huɗu, na yi ritaya, maiɗakina ta rasu, yara kowa ya kama gabansa a wani gari. Gidan ya yi mini girma. Nakan kunna rediyo don kawai in ji ana magana. Wata rana na shiga layin bayan kasuwa neman mai gyaran tabarau, sai na ji an ce daga cikin wani shago, "Yallaɓai, bincike aka zo?" Na juya na gan ka, gashi ya yi fari, allura da zare a hannu. Na so ƙasa ta tsage. Kai kuwa ka ture kwali da ƙafa ka ce in zauna.

Ba zan yi maka ado da abin da ba haka ba: sana'ar nan ba ka bar ta ba, kuma ba bisa doka take ba. A saman tebur littattafan makaranta ne, a ƙarƙashi kuma kwalaye uku na littattafan wasa da ka kwafa ka ɗinke da hannunka, har ka fassara wasu. Mai saye ba ya kiran sunansu, sai dai ya ce, "Akwai taswira?" Na ga ma'aikaciyar jinya ta zo, na ga direban babbar mota, na ga malamin lissafi yana waige-waige kamar wanda ya zo sayen ƙwaya. Na taɓa ce maka masu littattafan nan ma suna da haƙƙi. Ka ce ka sani, ka ce da suna kawo su inda talaka zai iya saye da tuni ka koma ɗinkin ƙamus. Ba mu taɓa daidaitawa a kan wannan ba. Amma na ga wanda ya zo hannu wofi ka ba shi aro, ka ce ya dawo ya ba ka labarin yadda tafiyar ta kaya.

Duk Alhamis akan yi wasa a bayan shagon. Ranar da ka sa ni ciki na ce ban iya komai ba. Ka ce, "Za ka riƙe ƙofar jirgi. Ai ƙofa kam ka iya." Kowa ya yi dariya, su ba su san abin da ya sa tawa ta fito da ƙyar ba. Mu shida ne a lokacin. Sannu a hankali aka watse: wannan an yi masa canjin wurin aiki, wancan ya ce yanzu a waya ake samun komai. Shekara uku na ƙarshe daga ni sai kai, tsofaffi biyu a kan benci, kofin shayi yana hucewa, kana canza murya kana zama mutum biyar don kada in ji jirgin ya zama kango. A mako kakaf, wannan ne kaɗai wurin da ake jiran zuwana.

Sau ɗaya na iya kawo maganar. Na ce, "Kyaftin, rahoton nan, na san ƙarya ne tun ranar da na ƙona takardun." Ka ja zare ka ce, "Na sani. Na ga fuskarka washegari. Shekara huɗu ina jin haushinka, daga baya na gaji." Na ce ka yafe mini. Ka ce, "Nawa na yafe. Na yarinyar ba ni ke da shi ba." Sannan ka miƙo mini ɗan ludo ka ce layi ya zo kaina.

Yarinyar ita ce 'yarka tilo, wadda take da shekara tara lokacin da mahaifiyarta ta rasu babu uba a gida. Yanzu ita ma uwa ce. Na nemi gidanta ranar Asabar na je gaisuwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Baba, a ina kuka san juna?" Na ce a wurin aiki. Ta yi mini godiya har bakin ƙofa. Na dawo gida na zauna ban ko cire takalmi ba.

'Yata, abin da na kasa faɗa a gabanki ke nan na rubuta. Watanni bakwai da kika yi kina jiran mahaifinki, ni na jawo su. Mahaifinki bai taɓa shirin gudu ba, bai kuma yi sakaci da ku ba. In kin yarda in sake zuwa, zan zo. In ba ki yarda ba, ba zan ga laifinki ba.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da maigidanki, da jikokin Kyaftin biyu, da ƙanwarsa da ta yi jinyarsa, da maƙwabtansa na layi. Allah Ya jiƙan Kyaftin, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sanya masa haske da abokan zama na gari. Allah Ya jiƙan matarsa, Ya haɗa su a gidan rahama. Ya ba ku haƙurin rashinsa, mu kuma da muka rage Ya sa mu cika da imani. Amin.