Ma'aikaciyar Karimu Tela

Karimu tela maƙwabcina ne a Greenbelt. Bango ɗaya ya raba mu, bangon kuwa ba kauri, ko tari Karimu ya yi sai na ce masa sannu. Ɗan Zangon Kumasi ne. Ya zo Amurka da almakashin babansa a jaka, ya tuƙa tasi, ya yi jinyar tsofaffi, daga baya ya kama ɗan shago kusa da tashar jirgi yana rage wanduna da ɗinka kayan biki. Mutumin kirki ne, sai dai hannun nan a dunƙule yake. Ƙullin ganyen shayi ɗaya zai sha safe da yamma, in na shigo ya matse mini sauran.

'Yarsa ɗaya ce, Fauzia, shekararta sha shida. Ya yi mata Hausa, ta mayar da Turanci. Bana da dogon hutu ya matso, ta ce za ta kama aikin sayar da askirim a College Park. Karimu ya rame a tsaye. Bai faɗa ba, amma na gane: baɗi jami'a za ta, hutun nan ne kaɗai ya rage masa ya gan ta a gabansa.

Sai Raymond, mai cike masa takardun haraji, ya ba shi shawara. Wai in ka ɗauki ɗanka aiki a sana'arka, ana cire albashinsa daga ribar da gwamnati ke yanka wa haraji, shi kuma yaron da wuya a taɓa masa nasa. Amma aikin ya zama na gaske, kuɗin kuma ya zama na yaron.

Karimu ya ce wa Fauzia ta zo ta yi masa aiki a shago, wai saboda haraji ne kawai. Ta yarda. Na ce masa ashe akwai ranar da zai biya mutum don ya zauna kusa da shi, ni ga shi na tsufa ina yi kyauta.

Yarinya ta kama guga, da sa maɓalli, da amsa waya. Ta nemi hutun cin abincin rana, ta samu. In ya aike ta ɗauko tabarau bayan an tashi, sai ta tambaya uba ne ke magana ko mai shago. Tsofaffin matan Accra masu kawo ɗinki kuwa ba sa karɓar kaya sai ta gaishe su da Hausa.

Ashe Karimu da nasa lissafin. A Kumasi albashin farko uba ake kai wa, ya sa albarka, ya soke a aljihu. Ya raɗa mini cewa kuɗin ta ƙofa za su fita, su dawo ta taga.

Ranar biya bayan la'asar ya sa kaftanin Juma'a, ya kira ni shaida. Matarsa Humu ta riga ta koya wa yarinyar yadda ake yi. Fauzia ta durƙusa ta miƙa masa ambulan ɗin albashinta da hannu biyu. Ya yi addu'a har ƙafata ta yi tsami, sannan hannu ya nufi aljihu.

"Baba," in ji Fauzia, da Hausarta mai ɗingishi, "Raymond ya ce in ya koma aljihunka, gwamnati za ta ce wasa muke. Masu askirim kuma har yanzu suna neman mutum."

Hannun ya tsaya a hanya. Ya dubi ambulan, ya dube ta, ya dube ni. Ni dai na dubi rufin ɗaki.

Ya mayar mata, ya ce Allah ya yi albarka. Ita kuma ta jawo kwalin ganyen shayi daga bayanta ta ajiye masa, ta ce kowane kofi da nasa.

Da ta fita na ce masa yau taga ta ƙi buɗuwa. Ya ce in rufe masa baki, ban ji da Hausa zalla ta yi maganar ba?

Ta ƙare hutun a shagon. Kwalin yana nan kan firji, ko ledarsa bai ɓare ba. Jiya ma matse mini ya yi.