Sunan Malam a Gaban Na'ura

Bazara ce, irin wadda ruwan randa ke yin ɗumi tun kafin hantsi. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba a unguwarmu. Mata ma sun daina tambayar juna me aka dafa, don kada a sa mutum ƙarya. A lokacin Malam, maigidana, ya cika shekara biyu a kwance. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, amma bakin ba ya fitar da komai sai wani gurnani da ni kaɗai na san fassararsa.

Shekara talatin da biyar ya yi yana karɓar haraji a kasuwa. Ranar kasuwar Mai'adua, da an sallame Asuba ya hau mashin ɗinsa da littafin rasit a aljihu. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ko mai akuya ɗaya, ko tsohuwa mai daddawa. Ƙanwar mahaifiyarsa ma ya taɓa yankar mata rasit, ta shekara ba ta taka gidanmu ba. In na yi magana sai ya ce, "Kuɗin hukuma amana ne. Ranar da ƙarfi ya ƙare, daga cikinsu za a riƙe mu." To ƙarfin ya ƙare. Da ɗan fanshon nan muke sayen gero da maganin hawan jini. In ya tsaya, maganin ya tsaya.

Nakan bar masa rediyo a kunne kusa da kansa. Wata safiya ina ba shi koko, wani mai murya kamar an shafa mata man shanu ya ce an rage wa manyan kamfanoni haraji, don hankalinsu ya kwanta su zuba jari. Ni dai ban san masu kuɗi ma sai an lallashe su kamar yaron da ya ƙi tuwo ba. Malam ya kau da kai daga cokalin. Ba a yi wata biyu ba, muryar nan dai ta dawo, wannan karon da alamar tausayin kanta: wai an sami giɓi a kasafin kuɗi, wai nauyin 'yan fansho ya yi yawa, in ba a yi hattara ba nan gaba ba za a iya biya ba. Ni ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, shi ma sai da na aurar da 'yata ta biyu. Amma na san in mace ta ɗebi hatsin rumbunta ta kai wa maƙwabci mai rumbu uku, ba ta dawowa ta ce tsohon gida ne ke da yawan ci.

Maganin giɓin da suka samo shi ne tantancewa. Kowane ɗan fansho ya je da ƙafarsa ya nuna yana raye. Kwana uku aka bayar, wanda bai je ba za a cire sunansa.

Babban ɗanmu yana Kano, wurin aiki ba su sake shi ba. Ranar farko ta wuce ina jiran sa. A ta biyu na sa wa Malam farar rigarsa ta Juma'a, na kafa masa hula, mai keke napep ya taya ni ɗaukar sa. Wata makaranta aka ara, an jera tsofaffi a rana, inuwar darbejiya ɗaya tak, ita ma motocin masu tantancewar ne a ƙarƙashinta. Wani a kan tabarma aka kawo shi, wani da ledar ƙarin ruwa a hannu. Waɗannan su ne suka huda asusun gwamnati. Na dube su da kyau, ban ga wanda zai iya huda ko kwali ba.

Bayan Azahar layi ya zo kanmu. Wani saurayi ne a bayan tebur, sa'an autana, da kwamfuta da wata 'yar na'urar ɗaukar hoto. Aka zaunar da Malam a kujera, na tsaya ina tallafe da kafaɗarsa.

"Baba, kalli nan. Faɗi cikakken sunanka."

Na ce, "Ɗana, ba ya magana."

"To, Mama, ta yaya zan san shi ne?"

"Ga katinsa na fansho a hannunka. Ga hotonsa a jiki."

Ya dubi katin, ya dubi Malam. "Na jikin hoton nan yana da kumatu."

Wani tsohon masinja da ke bayanmu ya ce, "Kumatun suna wajenku, yaro, ku duba cikin ariyas ɗin fanshonmu da kuka riƙe." Layi ya ɗauki dariya. Tsohon ya ƙara da cewa, "Wannan ai Mai Rasit ne. Duk Daura wa bai san shi ba? Ni kaina ya taɓa ɗaure min tunkiya a kara."

Saurayin bai yi dariya ba. Ya ce ba a karɓar shaidar kowa sai ta wanda ɗan fansho ya rubuta a takardarsa, kuma ni aka rubuta. In kalli na'ura in ce wannan mijina ne, sunansa wane ɗan wane, yana raye. Shi ke nan.

Shi ke nan, in ji shi. Shekara arba'in da ɗoriya ina gidan Malam, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Haka na ga uwata ta yi, haka kakata. Akwai ɗan maƙwabta da aka sa wa sunan, har ya yi gemu Mai Sunan Malam nake ce masa. Ba tsoro ba ne, Malam bai taɓa ɗaga min murya ba. Girmansa ne nake riƙe masa, kuma tun da ya kwanta, ana juya shi ana goge masa jiki, kusan shi kaɗai ne abin da ya rage masa.

Na ce, "Wannan mijina ne. Malam. Yana raye."

"Malam wa? Mama, rabin layin nan Malam ne."

Sai na roƙi aron bironsa. A ajin yaƙi da jahilci, bayan sunana, abu na farko da na koyi rubutawa shi ne sunan Malam, a bayan littafi inda malamarmu ba ta dubawa. Na juya katin asibiti na rubuta shi a hankali, da na mahaifinsa, na miƙa.

Ya ce, "Rubutunki ya fi nawa kyau, amma na'ura murya take so. Mutane na aro tsoho su kawo a madadin mamaci."

Ban ɗaga murya ba, ban ma iya ba. Na ce, "Su masu kamfanin da aka yafe wa haraji, su ma an tsayar da matansu a rana sun faɗi sunansu?"

Ya ce, "Ni ɗauko ni aka yi, Mama."

Wata mata da ta zo kan haƙƙin marigayin mijinta ta taɓo ni. "Ke 'yar'uwa, faɗi mana, yau ba ranar kunya ba ce. Ni da nawa yana nan, wallahi har na kakansa zan haɗa musu."

Na buɗe baki. Na dubi Malam, hularsa ta karkace, yawu ya zubo gefen gemunsa, idonsa a kaina. Na goge masa da bakin mayafina. Na sake buɗe baki, harshena ya ƙi. Ina cikin haka saurayin ya bubbuga kwamfutar ya ce netwok ya ɗauke, kowa ya dawo gobe, gobe kuma ita ce ranar ƙarshe. Suka shige motocinsu masu sanyi, tsofaffin da suka kasa tabbatar da suna raye suka fara naɗe tabarmi.

Da yamma na girgiza robar maganinsa, abin da ya rage bai kai mako ba. Na san zan faɗa, wannan ba abin shawara ba ne. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, sunan da na adana tun ina amarya, wai wata na'ura mai ido ɗaya ce za ta fara jin sa daga bakina, don a cike ramin da ba mu muka haƙa ba.

Washegari da na idar da sallar Asuba na dama koko, na kashe rediyo, na saki labulen ɗaki. Na zauna a bakin gadonsa, na kama hannun nan da ya shanye. Na kira shi da sunansa. Da farko ko ni ban ji kaina ba, sai na sake, shi da na mahaifinsa. Ya daɗe yana kallona. Can ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga, ya yi gurnanin da yake yi in gishirin miya ya yi daidai. Na ba shi kokonsa, na sa masa farar rigar jiya da na wanke, na ɗaure katin fanshonsa a gefen zane, na fita bakin titi neman mai keke tun kafin rana ta kai kan layin.